Asabar: kabad ɗin Hajiya

Ban gama wanke-wanken safe ba Iya dillaliya ta kira, wai in yi maza, abin da na daɗe ina yi mata naci ya samu a cikin gari, wajen Mandawari. Kun dai san tun da durowar ɗakin yara ta sha ruwa a daminar bara ta kumbura ta ruguje na ce ba ni ba katakon nan na garin itace da ake matsewa da gam. Tsoho nake so, aikin kafintocin da. Abbansu ya ba ni kuɗin adaidaita yana cewa Allah ya sa kada in kwaso mana gara. Na biya na ɗauki Malam kafinta, don ni ido kawai gare ni, shi kuwa hannunsa ya san itace.

Gidan ƙasa ne mai soro biyu. Muna shiga ɗakin na gan shi a jikin bango, ya fi ni tsayi, ja ne da ya yi duhu saboda shekaru. Sama gilashi, tsakiya durowa uku, ƙasa ƙofofi biyu masu makulli. An riga an kwashe kayan ciki, an jera su a kan tabarma: fanteka, samiru, langa masu furanni, da tangaran da alama ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Farin ciki ya kama ni har Iya ta taka min ƙafa, wai in ɓoye, kada kuɗi ya hau.

Malam bai kalli gaban ba ma. Cewa ya yi a taya shi janyo shi daga bango, sai da aka kira samari biyu daga waje. Ya duba bayan, ya ce nan ne kafinta ke yin ha'inci idan zai yi, ya sa falwaya mai arha inda ido ba ya kaiwa. Wannan kuwa alluna ne har baya. Ya durƙusa ya shafa ƙasa yana neman garin katako, don ƙwaro idan yana ciki sai ya bar ƙananan huji da gari mai laushi. Gara kuma ta ƙasa take hawowa, ta cinye ciki ta bar fatar waje lafiya lau, shi ya sa ya bi ƙafafun da ƙwanƙwasa yana saurare. Ƙafa ɗaya ta baya ta ɗan ci ruwa, ya ce wannan aikin yini guda ne. Ya zaro durowa ya nuna min kusurwarta: babu ƙusa, an sassaƙa bakin allunan sun shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Ya kankare wani ɗan wuri a ciki da farce, ya shinshina, ya ce maɗaci ne. Ni maɗaci a bakin titi na san shi, da ɓawonsa mai ɗaci da Goggo ke jiƙawa idan ciki ya ɓaci. Ya ce irin wannan faɗin allon yanzu sai an sha wuya, manyan bishiyoyin sun yi ƙaranci. Madobiya ma haka, an yi ta sare ta a dazuzzukan Taraba ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a cinikin duniya a 2017. Durowa ɗaya tana cijewa. Ya ce kada a yi mata komai, damina ce, da hunturu za ta saki, in dai goga mata kyandir a gefe.

Duk wannan Hajiya na zaune a bakin gado da carbi, ba ta ce uffan ba. Sai da Malam ya fita soro na matsa na sake gaishe ta, na ce, "Hajiya, wannan kaya ya ga shekaru."

Ta ce, "Shekarar Udoji aka yi min shi, 'yar nan. 1975." Mahaifinta ma'aikacin reluwe ne, da aka yi ƙarin albashi aka biya su na watannin baya a dunƙule, sai ya tafi Fagge da kansa ya zaɓi itacen, ya ce 'yarsa ba za ta jera kwanukanta a ƙasa ba. Ta ce a lokacin yawancin amaren unguwarsu kan tebur ko a bayan gado ake tula musu kwanuka har kusa da rufi, iyayensu kuma ƙorai da tasoshi suka sani. Ranar jere mata suka yi ta shigowa kallo, wata ma ta tambaya ko daga Ikko aka kawo shi. Tana faɗa tana murmushi.

Na ce, "To Hajiya, me ya sa za ki rabu da shi?"

Iya ta harare ni. Hajiya ta ce jikarta za a aurar bayan Sallah, marainiya ce, a hannunta ta tashi. Ana haɗa kuɗin kayan ɗaki, gado da wadrob da madubi, irin fararen nan masu ƙyalli. Na ce ai da an ba yarinyar wannan ɗin, Malam ya gyara ƙafar ya shafa masa mai, ya fi duk abin da za a sayo. Ta girgiza kai. "Na yi mata tayi. Kuka ta sa min. Ta ce 'yan ganin ɗaki za su ce an kai ta da kayan tsofaffi, dangin miji su raina ta tun daren farko." Ta ɗan ja carbinta, ta ce, "Kuma gaskiyarta ce. Ni ma a zamanina sabo aka yi min."

Jikina ya yi sanyi. Na zo da shirin ciniki, Iya ta koya min tun a hanya: in fara da ƙafar da ta ci ruwa, in ambaci gilashin da ya tsage a kusurwa, in taya ƙasa sosai, idan an ce albarka in yi kamar zan tafi. Bakina ya kasa. Da Iya ta faɗi kuɗin da Hajiya ta yanke na ce a ba ni zuwa gobe.

A adaidaita Iya ta yi ta faɗa, wai tausayi ba ya ciniki, idan ban saya ba masu kai wa otal-otal da gidajen manya za su ɗauke shi a rabin haka, kuma la'adarta nake wasa da ita. Ban musa mata ba. Malam dai ya ce kuɗin bai kai darajar itacen kaɗai ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne na san ƙarshen kayan da za a saya da kuɗin nan, don na gani a ɗakina. Irin katakon nan ba ya son ruwa, ana goge ɗaki yana tsotsa ta ƙasa. Idan aka kwance shi don tashi daga gidan haya, noti ba ya ƙara kamawa yadda ya kamata. Fomekar da aka yi yayi lokacin auren su Anti ma ta fi shi ƙarko, ita da muke gani tana ɓarewa a gefe. Kabad mai shekara hamsin zai fita daga gidan don a shigar da abin da da wuya ya ga yayen ɗan fari. Kuma ba na ganin laifin yarinyar ko kaɗan. Mu ne 'yan ganin ɗakin. Ni kaina na sha shiga ɗakin amarya in ji ana ƙus-ƙus a kan wane kamfani ya yi gadon, nawa aka kashe, kujerun na gida ne ko na Turkiyya. Yarinya marar uwa da uba ba za ta iya tsayawa gaban wannan ita kaɗai ba.



Goggo da ta ji labari ta waya ta ce ita ba ta son kayan wani gida, in na kawo shi a yi masa turare a tofa addu'a kafin a sa komai. Na ce to.

Da daddare na gaya wa Abbansu duka. Ya yi shiru, can ya ce in biya yadda ta yanke, kada in rage ko sisi, zai cika min abin da ya gaza. Ya ce kuma in gaya wa Hajiya ƙofarmu a buɗe take, duk ranar da jikar ta yi hankalin son kayan kakarta ta zo a yi magana. Wannan ya ɗan sauke min nauyi, ko da yake har yanzu raina bai daina suya ba.

Na auna ƙofar falo da igiya, zai shiga idan an kwantar da shi an cire durowoyin. Na kira Iya na ce ta shaida wa Hajiya mun saya, ta samo mai a-kori-kura gobe bayan azahar, a zo da tsofaffin barguna saboda gilashin. Malam zai zo Litinin don ƙafar. Na roƙe shi kada ya kusance shi da fenti, mai kawai.

An kawo wuta, bari in goge kayan Islamiyyar yara kafin a ɗauke.