Kwana Takwas a Kan Hanyar Likiya

A watan Afrilu na yi kwana takwas ina tafiyar ƙasa a kan Hanyar Likiya, wadda ta bi gaɓar Bahar Rum a kudu maso yammacin Turkiyya, daga yankin Fethiye har zuwa kusa da Antaliya, tsawonta kuwa ya haura kilomita 500. An buɗe ta a 1999, kuma jagoran matafiyi shi ne layin fenti fari da ja da aka shafa a jikin duwatsu da bishiyoyi. Ranar da na shagala da kallon teku na tsallake alama ɗaya, sai da na ɓata sa'a biyu ina kutsawa cikin ƙayoyi.

Hawan da ya kai ni Alinja, ƙauyen da ke zaune a kan tsauni, ya gigita ni ƙwarai, amma wata tsohuwa ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin zaitun, ta kawo shayi a ƙaramin kofin gilashi, alhali ba na jin yarenta, ita ma ba ta jin nawa.

Kufan tsohon birnin Patara ne ya fi riƙe ni. A nan zauren majalisar tarayyar biranen Likiya, tsohon sunan yankin, yake, inda a zamanin da manyan birane ke da ƙuri'a uku, matsakaita biyu, ƙanana kuma ɗaya. Na zauna a kan matakalarsa ta dutse na cire takalma, domin ƙafafuna sun yi bororo, sannan na gangara bakin ruwa, inda kunkurun teku ke zuwa saka ƙwai a cikin yashi.