Kyamarata ta mutu, amma hotunan sun tsira

Wallahi ranar da kyamarata ta faɗi a bakin teku ji na yi kamar an zare min laka. Ina ƙoƙarin ɗaukar ƙanwata tana gudun igiyar ruwa sai ta suɓuce min ta faɗa cikin jiƙaƙƙen yashi, kafin in ɗauka ruwa ya bi ta kanta. Na kunna, idonta ya fito rabi ya maƙale, shikenan. Ashe kunnawar ma kuskure ce, kamata ya yi in cire batir nan take, don ruwan gishiri cin kayan ciki yake. Mai gyara ya ce gara in sayi sabuwa.

Ni fa memori ne ya hana ni barci. Hotunan kwana tara na ciki ban kwafe ko ɗaya ba. Da katin ya bushe na saka a kwamfuta hannuna har rawa yake, sai ga su duka, alhamdulillahi. Akwai wani ma dishi-dishi, Baba yana gyangyaɗi a filin jirgi rungume da jakarsa, na daɗe ina kallonsa har idona ya ciko, don na manta kwata-kwata an yi wannan lokacin.

Sabuwar mai jure ruwa da ƙura ce. Ana ta ce min ai waya ta isa, ni dai ban son cajina ya ƙare a hanya saboda hoto. Yanzu igiyarta na ɗaure a hannuna, kuma kowane dare sai na kwafe hotunan ranar kafin in kwanta.