Kafin ka sake cika famfon feshi saboda Sharon

Ƙannena masu noman tumatir na rani a bakin kududdufan kuza da dam ɗin Lamingo a Jos, Sharon, tsutsar nan mai cin tumatir, ba a bayan ganye take zama ba, a cikinsa take. Uwarta ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, da dare take yawo, takan zuba ƙwai har 260. Kwana 4 zuwa 6 sun ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ganyen ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa. Wanda ya yi ta antaya maganin ƙwari na cypermethrin, wanka kawai yake yi wa ganyen. Haka aka yi ta ƙona kuɗi a 2016, shekarar da Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir.

Tsinko ganye ka ɗaga shi saitin rana. In tabon mai faɗi ne, fari kamar leda, da baƙin kashi a ciki, Tuta absoluta ce, wato Sharon. In siririn layi ne mai lanƙwasa, irin wanda ake gani a ganyen wake, tsutsar ƙuda ce, Liriomyza, ita ba ta huda 'ya'ya. Sharon ce ke shiga ɗan tumatir ta gindin hularsa, sai an kai kwando kasuwar Farin Gada a tarar ya ruɓe.

Asarar kan fara tun daga gadon reno. Rufe shi da gidan sauro, kuma kada ka dasa irin da ya riga ya yi tabo, komai arharsa. Bayan dashe, zaga gonar sau biyu a mako. Ganyen da ka tsinke ka ƙulle a leda ka ƙona. In ka yar a kwarin kunya, tsutsar za ta sauka ƙasa ta rikiɗe ta dawo maka da fiffike.

Magani sai mai ratsa ganye: emamectin benzoate, spinosad ko chlorantraniliprole. Yi feshi da yamma, ka jiƙa ƙasan ganyen, ka tsaya kan ma'aunin da ke jikin kwalbar. Daga ƙwai zuwa uwa kusan wata guda ne, to kada ka wuce wata kana maimaita sinadari ɗaya, za ta saba da shi. Karanta sunan sinadarin, domin kwalabe biyu masu suna daban kan ƙunshi abu guda.

Da ka gama tsinka, tuge karan ka ƙona. Kada dankalin turawa ko gauta su gaji filin, duk abincinta ne. Sa masara.