Hayar keke a filayen bayan Ashaiman

In ka ce wa mutumin Accra keken hawan dutse, Aburi ce za ta faɗo masa a rai, inda hanya ke miƙewa sama tun daga Ayi Mensah har numfashi ya ƙare. Ni kuwa abincina a fili yake. Daga Ashaiman, inda shagona yake, in ka bi ta Afienya ka nufi Akosombo, ƙasa shimfiɗe take har bakin kogin Volta, sai duwatsu jefi-jefi da itatuwan kuka da dogon yaro da suri. Nan nake kai mutane yawo a kan keke duk Asabar da Lahadi. Ba 'yan tsere ba ne. Ma'aikatan ofis ne, da baƙi 'yan yawon buɗe ido, da alhazan da likita ya ce su rage tumbi.

Gyaran keke na koya a Nima tun ina yaro, faci da ɗaurin sarƙa da miƙe ƙafar da ta karkace. Haya daga baya ta shigo, kuma ba ta kankama ba sai bayan kullen korona na 2020, lokacin da mutane suka gaji da zaman ɗaka suka fara neman iska. Kekunana duk hom yus ne, irin waɗanda ake saukewa daga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema. Zaɓensu aiki ne. Fenti ba ya ruɗa ni. Ina bin wurin walda da yatsa ko akwai tsaga, in ɗaga ƙafar gaba in juya ta in kasa kunne ga boris, in danna shok in ga ko zai dawo da kansa. Masu shok gaba da baya ɗin nan na araha, masu walƙiya, ko kyauta aka ba ni ba na so: nauyi ne kawai, kuma wata uku sun fara kuka. Araha ba ta ado. A 2022 da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, taya da kebur ɗin birki suka gagari mutum. Tun lokacin na koma sayen matattun kekuna ina fiɗe su don kayan gyara.

Inda aka fi tambaya shi ne gandun dajin Shai Hills, kusan kilomita 50 daga tsakiyar Accra. Faɗinsa murabba'in kilomita 51, yana hannun sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji, kuma ana biyan kuɗin shiga, na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban. Duwatsun da ke ciki can mutanen Shai suke zaune da, har 1892 da Turawan Ingila suka kore su daga kai, kogunan da suka zauna suna nan ana zuwa gani. Mu dai gindin duwatsun muke zagayawa, inda hanya ke kwance cikin ciyawa. Da sassafe sai ka ga garken mariya sun tsaya suna kallonku, kafin su zura a guje. Jakunan dawa da jiminai suna killace kusa da ƙofa. Gwaggon biri kuwa ba sai ka nema ba, tun daga bakin titi yake tarbarka. Na sha faɗa wa mutane kada su rataya leda a kan keke, domin birin nan ya san leda, ya san abin da ake sawa ciki, kuma ba ya roƙo.

Fili yana yaudarar mutum. Sabon zuwa zai ga ba hawa ba gangara ya ce ai wannan wasa ne. Abin da bai sani ba, in babu gangara babu hutu, feda za ka yi ta tukawa daga farko har ƙarshe, rana kuma ba ta da abin da zai tare ta. Shi ya sa muke tashi bayan sallar Asuba, ƙarfe goma ta yi mana muna hanyar dawowa.

Keken ma fili ba ya raga masa. Wajajen Akuse da Asutsuare, inda gonakin shinkafa na noman rani suke, ƙasar baƙin yumɓu ce. Da rani takan bushe ta daddare, taya ta riƙa faɗawa cikin tsaga hannunka yana karkarwa. In aka yi ruwa ko na rabin awa, sai ta koma kamar danƙo. Da farko taya ce ke yin nauyi. Can sai laka ta taru tsakanin taya da ƙarfen da ke riƙe da ita, ta cika wurin birki, ƙafa ta ƙi juyawa ɗungum. Mai haya sai ya ƙara ƙarfi, to a nan ne ƙarfen canjin giya na baya yake lanƙwashewa ya shige cikin wayoyin ƙafa. Kowane yarona yana da ɗan tsinke a aljihu don sakace laka, kuma doka ce: keke ya tsaya, sauka, kada ka taka. Daga Afrilu zuwa Yuli, in sama ta haɗa, ba na kai kowa can ko nawa zai biya. Amma ranar da ƙasa ta tsane, babu hanyar da ta kai bakin magudanan ruwan nan daɗi, shinkafa kore shar dama da hagu, balbelu na tashi a gabanka.

Tafkin Sakumo, tsakanin Accra da Tema, nasa halin daban. Yana cikin dausayoyin bakin teku da aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi a 1992, saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi sanyi a nan. Masu kyamara da madubin hangen nesa suna son wurin, sai su tsaya kan tsuntsu ɗaya har ka ƙosa. Ni abin da ke gabana gishiri ne. Keken da ya bi bakin tafkin, in ya kwana ba a wanke shi ba, da safe sarƙa ta yi ja. Don haka komai gajiya, a dawo a wanke da ruwan famfo, a tsane, a sa mai. Weija, inda dam yake, da bakin kogin Densu na bar wa na yammacin gari. Da nisa, kuma in aka buɗe ƙofofin dam hanyoyin ƙasa duk ruwa ke shanyewa.

Ƙaya kuwa ba ta da lokaci. Yarana biyu ke raka kowace tawaga, ɗaya gaba ɗaya baya, na bayan yana ɗauke da famfo da tiyub da kayan faci. Ba na yin faci a daji in da hali, a sauya tiyub a wuce, a yi facin a shago.

Hausa ta yi mini rana a wannan sana'a. Filayen nan cike suke da shanu, masu kiwon kuma yawanci Fulani ne, da Hausa muke gaisawa. Akwai wani dattijo da muke yawan tararwa wajen Dawhenya. In na hango shi sai in tsayar da mutane in sauka.

"Baba, barka da kiwo. Yaya hanyar bakin dam?"

"Lafiya lau, ɗana. Amma kada ku bi ta gabas, jiya an zuba bulo a wurin, akwai samari kuma suna gadi."

Wannan labarin babu shi a taswirar waya. Kuma shi ne babban ciwon kaina yanzu, ya fi laka, ya fi gishiri. Hanyar da muka bi lafiya wancan watan, yau sai ka tarar an ja katanga an rubuta gargaɗi da jan fenti. Filaye ake yankawa ana sayarwa daga Afienya har Prampram. Sakumo ma da ake cewa wuri ne mai kariya, gine-gine sun ci gefensa sosai, hukuma ta zo ta rusa wasu, a jima a sake ɗorawa. Masu gadin fili ba mutanen da za ka tsaya musu da su ba ne, balle kana tare da baƙi. Saboda haka duk Alhamis nake tura yaro shi kaɗai ya bi hanyar da za mu bi ranar Asabar. Kuɗin mai da na abincinsa daga aljihuna yake fita, ba wanda ke ganinsa a farashi, sai mutum ya ce, "Masta, keke kawai, har nawa?"

Kasuwa tana da lokacinta. Disamba ce kakarmu, tun 2019 da aka yi shekarar gayyato baƙaƙen fata na ƙetare su dawo gida, baƙi ke cika gari a watan, hunturu kuma ya busar da hanya, sai dai ƙura. Da azumi mutanenmu na zango sukan janye, sai in koma kan gyara. Biya yawanci ta Momo ne, wato tura kuɗi ta waya, wanda kuma zai tafi da keke shi kaɗai sai na ga katin shaidarsa.

Abin da ya fi faranta mini rai bana mata ne. Wasu hajiyoyi daga Madina suka haɗa kansu suka ce a koya musu. Da yawansu ba su taɓa hawa ba, da sun taso an ce keke na maza ne. Na sauke musu sirdi ƙasa, na cire feda, suka yi ta tura keke da ƙafa a filin makaranta har jiki ya gane daidaito, sannan na mayar da feda. Matsalar da ta rage doguwar riga ce da sarƙa, muka magance ta da wando a ciki da roba a ƙafar dama. Hular kwano a kan hijabi tana zama daram in an sassauta igiya. Asabar mai zuwa za su fara fita daji, sun zaɓi Asutsuare, sun kuma ce in tanadi mota mai buɗaɗɗen baya domin za su sayo shinkafa a dawowa.