Zuwa Dutse saboda satifiket ɗin saba

Bayan asuba na shiga mota a Unguwa Uku zan je Dutse, jakar laftof a cinyata don ban yarda a jefa ta but ba. Wani ƙaramin asibiti ne suka kira ni, wai burauza ta daina buɗe musu rajistar marasa lafiya, sai jan gargaɗi kawai take nunawa kan satifiket ɗin saba, wato shaidar da sabar, kwamfutar da ke riƙe rajistar, take nuna wa burauza don ta yarda da ita. Ga shi Juma'a ce kasuwar Wudil na ci, motocin shanu sun cika hanya tun kafin gada, haka muka yi ta rarrafe har Allah ya fitar da mu muka karya ta Kwanar Huguma.

Da ma yaron da ke kula musu da kwamfutoci ya ce min a waya "yallaɓai ka turo makullin ta WhatsApp mana, ka huta da tafiya." Na ce masa a'a ƙanena, wannan makullin sirrin na CA, wato wanda muke sa hannu da shi a satifiket, shi ne hatiminmu, duk wanda ya same shi zai iya buga satifiket na bogi kuma duk kwamfutocin asibitin su yarda da shi, bayanan ciwon mutane fa ake magana. Gara in sha hanya wallahi.

Ina isa na buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na buga openssl x509 -in cert.pem -noout -dates, sai ga notAfter, wato ranar ƙarewar satifiket ɗin, ya nuna wa'adi ya wuce. Na ƙara da -text don in ga komai, wa ya ba da shi, wa aka ba, na tarar babu subjectAltName, wato wurin da ake jera sunayen sabar, alhali tun 2017 burauzar Chrome ta daina kallon Common Name, tsohon wurin rubuta sunan, shi kaɗai. Sabar tasu a cikin gida take ba ta kan intanet, shi ya sa ba mu bi ta Let's Encrypt, masu ba da satifiket ta intanet, ba.

Yaron ya haɗa CSR, wato takardar neman sabon satifiket, a kan sabar da kansa, makullinta bai fita ko'ina ba, ya miƙo min a filash, ni kuma na sa hannu a laftof ɗina da -req da -CA da -CAkey, na ba shi -days 365, sunayen sabar na zuba su ta -extfile. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka jira aka tada janareta.

Kwamfuta ɗaya ta ƙi yarda duk da haka, ashe batirin agogonta ne ya mutu, kwanan wata ya koma baya. Muka gyara, nas ɗin ta shiga rajista, na rubuta masa ranar ƙarewar wa'adi ya manna a jikin sabar, sannan muka wuce masallaci.