Sai in kai shi ina?

Shekara goma sha ɗaya kenan ina koyar da soshiyal wok a jami'a, wato aikin kula da walwalar jama'a, kuma ɓangaren da na fi ba ƙarfi tun ina digiri na biyu shi ne lafiyar ƙwaƙwalwa, amma wallahi sai a 2019 na san cewa akwai abin da na daɗe ina karantarwa ban gane shi ba.

Duk wanda ke Katsina lokacin zai tuna watan Oktoba na shekarar, da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Daura aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, bayan wanda aka gano a Rigasa ta Kaduna a ƙarshen watan Satumba. Ni kam raina ya ɓaci sosai, na shiga aji ina ta faɗa, ina cewa wane irin iyaye ne za su ɗauki ɗan cikinsu su miƙa a ɗaure shi kamar dabba, har na ƙudurta zan yi bincike in rubuta muƙala a kai. Na buga takardar tambayoyi, na ɗauki ɗalibai biyu, muka fara bin gidajen da aka dawo masu da 'ya'yansu.

A gida na huɗu ne muka samu wata tsohuwa tana tankaɗen gero a tsakar gida, ɗanta na zaune bakin ɗaki yana magana shi kaɗai. Na gaishe ta, na ce Inna me ya sa kuka kai shi can? Ta aje rariyar ta dube ni ta ce, 'yar nan, ranar da ya ɗauko taɓarya ya bi ƙanwarshi, uban ya rasu, maƙwabta sun ce mu tashi, sai in kai shi ina? Ke malama ce, faɗa mani inda zan kai shi. Na yi shiru, don duk abin da ke cikin jakata ba amsar tambayar nan. Ta ce sun taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ta sayar da tumakinta biyu, ya samu sauƙi har ya koma ɗinki, to maganin wata-wata ake saye, kuɗin mota daban, da kuɗi suka ƙare ciwon ya dawo, shi kuwa malam sau ɗaya aka ba shi abin da aka ba shi ya ce a bar mashi yaron.

Har gobe ban yarda a ɗaure ɗan Adam da sarƙa ba, zalunci ne kuma ba ya warkar da kowa. Abin da ya canza shi ne wanda nake nuna wa yatsa. Da ina ganin jahilci ne, daga ranar na gane cewa yawancinsu talauci ne ya rufe masu kowace ƙofa ya bar masu guda ɗaya, kuma in ka rufe wannan ɗin ba ka buɗe wata ba to a ɗakin baya na gida za a ɗaure shi inda ba ɗan sandan da zai gani.

Abin haushin ma, ba sabon ilimi ake nema ba. Tun 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Thomas Adeoye Lambo, ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta, mara lafiya ya zauna gidan mutanen ƙauye tare da ɗan uwanshi ɗaya, yana zuwa asibiti yana dawowa, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya bai ce su kauce ba. Na sha koyar da wannan don a ci jarrabawa, ban taɓa tambayar kaina me ya hana a yi irinshi a Mashi ko Mai'adua ba. Doka ma mun samu, a Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, na ji daɗi ƙwarai, sai dai Inna ba ta san an yi ba kuma kuɗin magani bai sauka ba.

Muƙalar kuwa na rubuta ta, an buga, ta shiga lissafin ƙarin girmana, da Turanci take, ba wanda muka zauna da shi da zai iya karantawa, wannan abu yana ci mani rai har yanzu.

Sai na sake yadda nake koyarwa. Ɗalibin ajin ƙarshe ba ya zuwa mani da furojet, wato binciken kammala karatu, sai ya zauna da iyali ɗaya na tsawon zango. Da muka fara zuwa wajen matan da 'yan bindiga suka koro daga Batsari da Jibiya, na hana a tambaye su ko kina da ciwon damuwa, don kowa cewa za ta yi alhamdulillahi, a'a a tambaye ta barci, a tambaye ta abinci, nan za ka ji ta ce gabana ke faɗuwa in na ji ƙarar babur, ko ta ce tun da aka kashe maigidan ban runtsa ba. Kuma muna shiga wajen malaman ruƙiyya mu gaishe su da ladabi, mu ce Malam a ci gaba da addu'a, amma in kun ga kaza da kaza ku turo mana. Wasu sun kore mu, wasu suna turowa.

Inna na nan da ranta. Mu shida a sashenmu muke haɗa kuɗin maganin ɗan nata duk wata, ya koma bakin keken ɗinki, ko da yake akwai satin da ba ya fita. Da na je azumin da ya wuce ta riƙe mani hannu ta ce akwai wata maƙwabciyarta da ɗiyarta ta haihu ta daina magana, wata uku kenan, ko zan leƙa.