Shekarar da ke jikin tulu ba ita ce shekarunsa ba

Abu na farko da karatun tarihin zane ya koya mini game da tulunan Jamus shi ne kada in gaskata lambar da ke jikinsu. Za ka ga tulun giya ruwan ƙasa, an zagaye cikinsa da hotunan manoma suna rawa, ga 1597 ɓaro-ɓaro. Sau da yawa shekarar da aka sassaƙa abin buga adon ke nan. Maginan Raeren, a gabashin Beljiyam ta yau, sun daɗe suna maimaita abin bugu ɗaya, hoton rawar ma daga zanen Hans Sebald Beham, wani mai zane Bajamushe na ƙarni na 16, suka ɗauko shi.

Waɗannan kaya na yumɓu ne da ake gasawa da zafin da ya kai wajen digiri 1200 har ya yi tauri kamar dutse, dangin abin da Ladi Kwali ta koma yi a Suleja. Jamusawa kan watsa gishiri cikin wutar, shi ke ba tulun ƙyalli.

Rikicin ya taso ne a ƙarni na 19. Bayan haɗewar Jamus a 1871 masu hali suka kamu da son kayan kakanni, kowa na son ɗakin cin abincinsa ya yi kama da na ƙarni na 16. Masana'antun yankin Westerwald suka ga kasuwa. Reinhold Hanke, wanda ya buɗe tasa a garin Höhr a 1868, da kamfanonin Merkelbach & Wick da Marzi & Remy suka shiga kwaikwayon tsofaffin tulunan Raeren da na garin Siegburg a Jamus, har da shekarun da ke jikinsu. Wasu daga ciki sun shige gidajen adana kayan tarihi da sunan na asali.

Don haka mu ɗalibai muke kifa tulu mu duba gindinsa. Na da, a kan faifai mai juyawa aka gina shi, sau da yawa da sawun zaren da aka yanke shi da shi, adon kuma liƙa shi aka yi da hannu, wani wurin a karkace. Na ƙarni na 19 yakan fito sumul fiye da kima, da siririn layi inda ɓangarori biyu na abin zubi suka haɗu, wani lokaci da lambar samfuri a ƙasa.

Inda na saɓa da wasu abokan karatuna shi ne kiran waɗannan tulunan ƙarni na 19 jabu. Yawancinsu a fili aka sayar da su a matsayin sababbi, da hatimin masana'anta, da kundin farashi. Dillalai ne daga baya sukan goge hatimin su tsofar da kayan. Tulun Hanke ba zai gaya maka komai game da 1597 ba, amma shaida ne mai ƙarfi a kan abin da Bajamushen 1880 yake so a ce shi ne tarihinsa. Shi ya sa nake jin haushi idan na tarar an tura su ɗakin ajiya da katin da aka rubuta "kwaikwayo" kawai, babu sunan masana'anta, babu shekara.